Kwalbar da haske ya narkar

A Kolokonde na tashi, can yankin Jugu a arewacin Benin, kuma aikina na yarinta shi ne gadin man kaɗen Inna. In ta gama tuƙa shi ta zuba a ƙwarya, sai ta ce, "Ɗan nan, kar ka bar mini shi a rana." Ran da wasa ya ɗauke mini hankali, na dawo na tarar farin curin ya zama ruwa. Da dare sanyin hunturu ya sake daskarar da shi. Tun daga nan na ɗauka hasken rana ne ke narkar da mai.

Sai da na je Faransa karatun kimiyyar sinadarai na ga abin da haske kaɗai ke iya yi. Wata malama ta miƙo mini 'yar kwalba da wani abu ruwan lemo a ciki, a daskare kamar kafa, wadda a gida ake ce wa akasa. Ta kife kwalbar, ko ɗigo bai zubo ba, alhali kusan duk abin ruwa ne. Ɗan mitsitsin gari ta zuba, ƙwayoyinsa suka jeru suka zama zare, zaren ya sarƙe kamar komar masunta ya kama ruwan.

Ta kunna fitilar UV mai tsawon zango nanomita 365. Ina kallo saman ya fara laushi, ya gangaro jikin gilashi. Na taɓa kwalbar da bayan hannuna: sanyi ƙalau! Jikina ya yi yar.

Sirrin yana cikin sinadarin azobenzin da ke cikin garin, wanda Bajamushe Mitscherlich ya gano a 1834. A miƙe ƙwayarsa take. Da wannan haske ya taɓa ta sai ta lanƙwashe, kamar yadda Hartley ya nuna a 1937. Lanƙwasassu ba sa jeruwa, sai komar ta warware. A 1994 Seiji Shinkai da abokan aikinsa a Japan suka haɗa azobenzin da kolestarol suka sami irin wannan daskararre. Malamar ta haska wa abin da ke cikin kwalbar shuɗin haske, muka jira, ya sake kamewa. Burin masu binciken, in ji ta, a ɗura magani a ciki, ya fita sai inda aka haska.

Da na dawo gida na ba Inna labari tana tsaka da tuƙi. Ta ɗebo ɗan mai ta ɗora mini a tafin hannu, cikin inuwar zaure, ya narke nan take. Zafi ne ke narkar da man kaɗe, kuma ɗumin jikin mutum ma ya ishe shi.