Gara Ba Ta San Bugun Farko Ba

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ba ma jefar da tsohon aiki. Duk layin da aka sauya, Git na ajiye shi, da ranar da aka taɓa shi da sunan wanda ya taɓa. Wataƙila wannan ɗabi'ar ce ta jefa mu, mu 'yan tsiraru daga Kura da Bunkure da aiki ya kai Kano, cikin farautar bugun farko na tsofaffin littattafai.

Na Darwin ne ya fara jan hankalinmu, ko da yake aljihunmu bai kai ko bangonsa ba. Littafinsa kan asalin jinsunan halittu ya fito a Landan ranar 24 ga Nuwamba 1859, kwafi 1,250, kowanne sule 15. Yau kwafi ɗaya kan ci dubban ɗaruruwan daloli a gwanjo, kuma masu saye na gane na ainihi ne ta wani kuskuren harafi a shafi na 20. Kuɗin bai dame mu ba. Abin da ya kama mu shi ne, bugu shida aka yi masa zuwa 1872, kowanne da gyaran marubucin. Na farko kusan bai taɓo ɗan Adam ba sai a jimla ɗaya dab da ƙarshe. Sai a 1871 ya ware wa batun littafi guda. A bugu na biyu, na 1860, ya ƙara ambaton Mahalicci a jimlar rufewa. Ko ka yarda da mutumin ko ka ƙi shi, kuma a cikinmu ma akwai masu ƙin sa sosai, kana iya jera bugun shidan a wayarka ka ga inda ya matsa gaba da inda ya ja da baya, domin duk suna intanet kyauta.

To namu fa?

A 1949 aka fara fitar da Ikon Allah a Zariya, wanda Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta kan halittu iri-iri na duniya. Kimiyya ce da Hausa tsantsa, tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Kafin shi akwai Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, 'ya'yan gasar 1933. An sha sake buga su, an daidaita rubutu, an sauya bango. Amma wace kalma aka cire, wace aka sa? Ba mu da wurin da za mu jera su mu duba. Ɗalibin da ke nazarin Hausar Imam yau bai da tabbacin ko ta Imam yake karantawa ko ta wani mai gyara da ya zo daga baya.

Muna zaton kasuwar Kurmi ce za ta fisshe mu, sai ga shi mafi yawan abin da muka samu daga gida ya fito: adakar tsohon malamin firamare, akwatin ƙarfen ma'aikacin noman rani da ya yi ritaya. Nan kuma matsalar take. Ruwan Tiga da ke bin magudanai yana ba mu shinkafa da alkama da tumatir, shi ne ke jiƙa gindin bangon ɗakunan da ke kusa da gonaki har cikin rani. Danshi ya manne shafuka, gara ta shigo ta ƙasa. Wanda ya tsira kuma yakan ƙare a hannun mai ƙosai, kuma ba ma ganin laifinta, tun da babu wanda ya taɓa gaya mata takardar na da daraja.

Yanzu mun rage saye. Mukan roƙi aro, mu ɗauki hoton kowane shafi da waya, mu rubuta maɗaba'a da shekara, mu mayar wa mai shi abinsa cikin leda, tare da roƙon ya ɗaga akwatin daga ƙasa. Wasu dattawan sukan yi mana dariya, wasu su hana, don suna zaton wani kuɗi za mu samu a kai.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne shafin da ke ɗauke da shekarar bugu. Yana dab da bango, don haka shi ke fara tafiya. Muna da kwafi da dama da takardarsu ta yi ja, harafinsu na tsohon yayi, amma ba mu da hujjar cewa bugun farko ne. A jadawalinmu, gurbin shekararsu na nan babu komai.