Allon butikin ƙanena

Bara ƙanena ya buɗe butiki a Ɗan Barto, bakin hanyar Daura. Ya nace sai allon Alucobond irin na Damagaram da Kano: falle biyu na alminiyam da roba a tsakani, ba ya tsatsa kamar kwano. Mai walda ya haɗa ƙarafan da za su riƙe shi, aka tsaga bayan fallen, aka lanƙwasa gefuna, aka ɗaure bisa ƙofa.

Rubutun kuwa ni aka bar wa, wai ni na yi lakwal. Na rangaɗa "Alimentation Générale", ina jin kaina. Ba a yi sati ba wani direba daga Daura ya leƙo, ya ce ko nan ake saida kayan janareta? Ƙanena ya dube ni: "Yaya, kuɗin shinkafata fa ke rataye can sama."

Wallahi na ji kunya. Aka ɓamɓare haruffan, na biya na sababbi: "Kayan Masarufi". A bakin iyaka, Hausa ce kowa ke ganewa. Ku fa, me ke rubuce bisa ƙofarku?