Gurbi huɗu, ma'ana biyu

Kawuna ya yi shekara talatin yana mushen lakwal kafin ya yi ritaya ya dawo gida Damagaram. Tun ina ƙarami na san shi da ɗabi'a guda: bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗauko tsohuwar jaridar Faransanci, ya buɗe shafin da aka zana gurabe farare da baƙaƙe kamar na dara, ya yi ta cika su da haruffa. Mots croisés ake ce ma wasan. Mu yara dariya muke mashi, mu ce tsoho na rubuta jarrabawar da ba wanda ya aza mashi.

Bara waccan yanar ido ta kama shi. Likita ya ce sai an yi aiki, kuɗin aikin kuma har yau ba su gama haɗuwa ba. Jaridun na nan cikin kwali, bik ɗinsa na nan a aljihun riga, amma mutumin da ya saba gardama da kowa ya koma shiru. In ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Ni kuwa a jami'a Ingilishi nake karantawa. Wata rana wani malaminmu ya rarraba mana fotokofin irin wannan wasa daga wata jaridar Ingila. Na ce ai na san shi, wasan Kawu ne. Awa guda na yi ina zufa, ko gurbi ɗaya ban cika ba. Ashe nasu daban yake.

Asalin wasan daga Amurka ne: wani ɗan Liverpool mai suna Arthur Wynne ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. Can tambaya kai tsaye take, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. Da wasan ya isa Ingila sai suka mayar da kowace tambaya kacici-kacici. Jaridar The Times ta soma nata a 1930, a 1966 kuma wani malamin makaranta, Derrick Macnutt, wanda ke sa hannu da sunan Ximenes, ya fitar da littafi kan ƙa'idojin wasan. Ga yadda abin yake. Tambaya kashi biyu gare ta. Kashi ɗaya ma'anar kalmar ce sak, kuma galibi a farkon jimla take ko a ƙarshe. Ɗayan kashin hanya ce ta gina kalmar harafi bayan harafi: a birkita haruffan wata kalma, ko a haɗa ƙananan kalmomi, ko a ɓoye amsar cikin jimlar, ko a kawo ma'ana ta biyu. Lambar da ke ƙarshe tana gaya maka yawan haruffa. Jimlar dukanta kuma sai ta yi kamar tana zancen wani abu can daban. Mai tambaya na da izinin ya ɓad da kai, amma ba shi da izinin yi maka ƙarya, kuma kowace kalma da ya sa dole ta kasance da aikinta.

Da hutun damina ya zo na tahi gida da wani tunani. Kawu ba ya jin Ingilishi, na Faransanci kuma ya fi ni nesa ba kusa ba. To me zai hana a yi da Hausa? Na kwana uku ina ɓata kaye, sannan na same shi a zaure.

Na ce, "Kawu, ga wata: Koma a birkice, kwana bakwai ke nan. Harafi huɗu."

Ya ce, "Wa zai koma?"

Nan ne tarkon. Kunne na jin ana korar wani da ya daɗe. Na bayyana mashi cewa "a birkice" umarni ne: ɗauki haruffan "koma" ka birkita su, abin da zai fito shi ne kwana bakwai. Ya yi shiru yana taɓa gaɓoɓin yatsunsa, sai ya ce, "Mako!" Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka na manta.

Ta biyu ba ta ɗauke shi minti guda ba: Tasa ta kife, aikin ɓarawo ne (4). "Sata," ya ce. "Kai yaro, wannan ai zaurance ne, muna yi tun ba a haifi uwarka ba." Na ƙara mashi mai tsawo: Hannun cin tuwo, mai cin katako da kan mutum, nan muke (9). Ya samu "dama", ya samu "gara", sai "kan mutum" ya tsaya mashi har aka kira magariba. Bayan salla yana shigowa ya ce, "Kan kalmar kake nufi. Harafin M. Damagaram." Ranar ya ci tuwo da kyau.

Washegari muka yi faɗa. Tambayar ita ce: Daga turmi ya fito, ga sarki ga kasuwa (4). Ya juya ta, ya juya, ya gaji ya ce in faɗa. Na ce gari: garin da ake tankaɗewa, da garin da ake zama. Ransa ya ɓaci sosai.

"Wannan zamba ce. Kai ka ce mani ba a ƙarya a wasan nan. Garin tuwo ana jan wasalinsa, garin mutane ba a ja. Kalma biyu ce, ka mayar da ita ɗaya."

Na ce ai a rubuce ɗaya ce. Ya ce, "A rubucen wa? Ni ban ga rubutun ba."

Maganar ta soke ni, don hanya biyu ta ɗauka. Ba ya gani, wannan gaskiya ne. Amma ko lokacin da yake gani, duk shekarun da ya yi gaban allo Faransanci ya rubuta. Hausa a kunnensa da bakinsa take. Ni ma da nake taƙama, sai da na zauna ƙirga gurabe na gane ban iya rubuta harshena ba. Shin "ts" da "sh" gurbi ɗaya ne ko biyu? In "ƙ" ta faɗo a mahaɗar kalma biyu, ba ka isa ka sa "k" ka wuce ba kamar yadda muke yi a saƙon waya. Ga kuma "ƴ" da muke rubutawa nan Nijar, maƙwabtanmu na Najeriya su sa ɗan waƙafi gaban "y". Tambayoyin da ban taɓa yi ma kaina ba ke nan, ni da nake haddace ƙa'idojin harshen wasu.

Na kuma gane abin da ya sa shi fushi shi ne babban jarin wasan a Hausa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kuka na miya da kuka na hawaye, baki ya raba su, takarda ta haɗa su. Mutane kan kawo wannan a matsayin naƙasar boko. Ga mai ƙirƙirar tambaya kuwa rumbu ne cike. Sai dai Kawu na da gaskiyarsa: in za ka gayyaci mutum wasa, ka gaya mashi a wane fili za a buga, na kunne ko na takarda. Ni ban gaya mashi ba, laifina ne. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma kwana biyu bai nemi wata tambaya ba. Na ɗauka na kashe abin da hannuna.

Ana gobe zan koma makaranta ya aika a kira ni. Ya ce, "Zauna. Ɗauko kayenka ka rubuta. Ba ta kisa, amma nan wuƙa ke bi. Huɗu."

Na yi ta lalube. Maciji? Guba? Yana jin ina juya bik yana murmushi. Sai karin maganar ta faɗo mani: wuya ba ta kisa. Wuƙar mahauci kuma a wuya take sauka. Kalma biyu a baki, ɗaya a takarda, daidai dabarar da ya kira zamba. Ya ɗauke ta ya yi abin da ya fi nawa duka, kuma na san ba don wasa kaɗai ya zaɓi wannan karin maganar ba. Ban iya ce mashi komai ba, sai na rubuta haruffan huɗu manya-manya na karanto mashi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu duk Juma'a yana sa jikarsa ta aiko mani da sabuwa ta waya. Wasu na warware, wasu sai na kai fada mu taru a kansu har shayi ya huce. Mun kusa cika kaye guda. In akwai mai sha'awa cikinku, ƴan uwa, ya gwada ƙirƙirar tasa. Sharaɗin kawai kar ya yi ƙarya. Ga ta wannan makon, na bar maku: Ba taka ba ce, ba tashi ba ce, gari ne a Adar (4). Mutanen can, in kun kasa kunya taku ce.