Wasiƙa ga ɗana mai son shiga soja

Babana,

Innarka ta kawo mini zancen da ka kasa faɗa mini da bakinka: wai wani a tashar Jega ya ce zai samo maka takardar rantsuwa ta kotu, shekarunka 23 su koma 21. Na zaɓi in amsa maka a fili, domin daga Maiyama har Aliero samari da yawa suna wannan lissafi.

Ban amince ba. Ni na yanka ragon sunanka, ranar kuma tana rubuce a bangon littafina.

Kada ka ɗauka sojan nake hana ka. Duk wanda ya ga yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan ƙasar Zuru, ya ji abin da Lakurawa suka yi a Mera ta Augie a Nuwamban 2024, ba zai raina yaron da ya ce zai tsaya wa jama'a ba. Gabana yana faɗuwa, ba na ɓoye maka, amma ina alfahari da niyyarka.

Ga yadda ƙa'idar take. Mai takardar sakandare kaɗai, daga shekara 18 zuwa 22 ake ɗaukarsa kurtu, a sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna ta fi haka tsauri. Wannan ƙofa ta riga ta rufe, mu haƙura. Sai dai abin da mutumin tasha bai gaya maka ba, don babu ribarsa a ciki, shi ne mai sana'a yana da tasa ƙofar. Sojan ƙasa suna karɓar makaniki da mai walda da irinsu har shekara 26. Kai ne fa shekara huɗu kana kwance ƙarƙashin motocin da ke lodin albasar Aliero, hannunka baƙi ƙirin da baƙin mai, har direbobi suna tambayarka da suna. Takardar gwajin sana'a kawai ta rage maka, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayar da ita.

Ka tuna wajen tantancewa ana gwada lambar NIN da takardar haihuwa da ta makaranta. Ranar da suka saɓa, ko ka kai Depot a Zariya an aske maka kai, korarka za a yi, kunyar kuma har gida. Cike fom ɗin ma kyauta ne a intanet. Wanda ya nemi kuɗinka ɓarawo ne.

Ka zo gida ranar Juma'a da takardunka duka, mu je Birnin Kebbi tare mu fara neman ta sana'ar. Don Allah kada ka ba mutumin nan ko kwabo.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Aliero