Auren kotu: Ranar da mai kyamara ya zama shaida

IDAN aka haɗa kotu da aure a fim ɗin Hausa, mai karatu ya san abin da zai biyo baya: mace ta kai ƙarar miji, alƙali ya ce ta maida sadaki, a raba. To amma akwai wani ofis da jama'a ke kira "kotu" inda ƙulla aure ake yi. Can ne wani matashi mai sana'ar ɗaukar bidiyon biki a Jos ya tsinci kan sa a cikin 2022, kuma har yau bai gaji da ba da labarin ba.

Angon abokin sa ne tun na ƙuruciya. Gidajen su na kallon juna, tare su ka yi firamare. Rikicin Jos na watan Satumba 2001 ne ya tarwatsa unguwar. Iyayen ango, waɗanda Kiristoci ne, su ka koma Tudun Wada. Iyayen mai kyamara, Musulmi, su ka koma Gangare. Sana'a ce ta sake haɗa su bayan sun girma. Shi ya ɗauko hoto, abokin ya tace a kwamfuta, a wani ɗan shago kusa da Taminus.

Amarya kuwa nas ce. Baban ta, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya ce ba zai ba wanda ba ya da albashi 'yar sa ba. Shekara uku ana aika dattawa, tsoho ya kafe. Faston su ma ya ce shi ba zai shiga tsakanin uba da 'ya ba. Da su ka ga haka sai su ka nufi ofishin rajistar aure.

A gaskiya babu alƙali a wurin, babu lauya. Magatakardan aure ne ke ɗaurawa, a ƙarƙashin Dokar Aure wadda asalin ta tun 1914 ne. Da farko a kan cika takardar sanarwa, a manna ta a ofis har kwana 21. A cikin kwanakin nan duk wanda ya san wani dalili na hana auren zai iya zuwa ya rubuta ƙin amincewar sa a littafin sanarwa, daga nan magana ta koma Babbar Kotu. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da rubutacciyar yardar iyaye. Amarya ta wuce haka, amma duk da haka sati ukun nan ba ta yi barcin kirki ba.

Shaidu biyu doka ke nema. Ƙawar amarya ta amsa. Yayan ango ma ya amsa, amma ana saura kwana biyu ya janye, wai ba ya son rigima da surukai. Da daddare waya ta yi ƙara.

"Mutumina, jibi za ka zo ko?"

"Haba, har na yi cajin batir."

"Ka bar kyamarar a jaka. Hannu na ke so ka sa mani."

Nan fa jikin sa ya yi sanyi. Shekara da shekaru ya na halartar bukukuwan mutane, amma kullum a bayan kyamara: ya ɗauka, a biya shi, ya kama gaban sa. Auren ya yi daɗi ko ya mutu, babu ruwan sa. Wannan karon sunan sa ne zai zauna a takarda.

Da ya gaya wa mahaifiyar sa, sai ta ce, "Kai ɗan nan, me ya haɗa ka da kotu? In uban yarinya ya tashi ƙara ai da kai za a fara." Ta yi shiru. Can sai ta buɗe akwati ta ɗauko turmin atamfa. "Ungo, ka kai wa amarya. Uwar yaron nan ce ta goya ka ranar da na haifi ƙanwar ka. Allah ya tsare."

Ranar Alhamis da hantsi su ka hau keke Napep su huɗu. Babu kiɗa, babu anko, babu masu liƙi. Benci su ka tarar, da wasu masu jiran layi: wani soja da amaryar sa, sai wasu dattawa biyu da su ka zo da jikokin su. Ango ya sha kwat ɗin aro, hannun ya yi masa tsawo.

Doka ta ce a ɗaura tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, kuma ƙofa a buɗe. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce ta hana amarya sakat. Kowane motsi sai ta waiga. Da a fim ne, a daidai nan uba zai faɗo ya na cewa bai yarda ba. Bai zo ba. Wadda ta shigo a hankali ita ce mahaifiyar ta. Ta tsaya a jikin bango riƙe da jaka, aka ba ta kujera ta ƙi zama.

Magatakardar, wata mata mai tabarau, ta tambaye su ko sun zo ne don su zama miji da mata. Su ka ce e. Sai ta yi masu gargaɗi: wannan aure ba ya mutuwa da baki ko da takardar saki, sai da hukuncin kotu, ko mutuwar ɗayan su. Kuma aure ne na mace ɗaya; wanda ya ƙaro wani a kai ya yi laifi, doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Ango ya haɗiye yawu, ya ce ya ji.

Aka miƙo biro. Mutumin da hannun sa ba ya rawa da kyamara a tsakiyar turmutsutsun 'yan biki, sai ga shi ya na karkarwa a kan layi guda. Ya rubuta sunan sa, ya sa hannu a takardu biyu, ɗaya ta ofis, ɗaya ta ma'aurata. Duka-duka minti goma sha biyar aka yi. Da su ka fito, uwar amarya ta kama hannun sa ta ce, "Na gode, ɗa na." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta wuce gida kafin mijin ta ya dawo. Walimar kuwa lemun kwalba ce da tsire.

Har yanzu tsohon bai taka gidan su ba, ko da yake an ce ya fara amsa gaisuwar surukin. Duk ranar da ango da amarya su ka ɗan saɓa, shi mai kyamara ake fara kira, ya tashi tun daga Gangare ya je sulhu. In ya yi ƙorafi sai amarya ta ce, "Ai kai ka sa hannu, Yaya."

Wani abin dariya, a duk bukukuwan da ya halarta, wannan ne kaɗai ba ya da ko hoto ɗaya na lokacin ɗaurawa. Ya kan ce ba ya buƙata, domin shi kam ya gani da idon sa.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sanyaya zuciyar tsoho.