Sojojin roba da alkunyar ɗan fari

Shekara 2 ke nan da muka koma Nottingham ta ƙasar Ingila, inda na samu aikin jinya. Dutin dare na saba da shi tun a Kano, sanyi ma na koyi zama da shi. Abin da ya gagare ni shi ne shirun ɗana na fari. Yaron da a gida sai an ce ya rufe baki, ya koma in an tambaye shi makaranta sai ya ce “lafiya lau”, ya shige ɗaki.

Kun san alkunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban saba zama hira da shi ba. A Kano hakan bai cutar da shi ba, domin kakarsa da gwaggwanninsa sun ɗauke min wannan nauyi. A nan kuwa daga ni sai mahaifinsa, shi ma aiki ya sha masa kai.

Wata rana na tarar da shi a teburin cin abinci da wasu ƙananan sojojin roba masu launin toka, tsayin kowanne kusan santimita 3, wani ɗan ajinsu ya ba shi. Na wasan Warhammer 40,000 ne, wanda kamfanin Games Workshop, mai hedikwata a nan Nottingham, ya fara fitarwa a 1987. Labarin yaƙin duniyoyi ne na dubban shekaru masu zuwa, ana buga shi a kan tebur da tef ɗin awo da ƙwayar lido. Sojojin a wargaje ake sayar da su, mai su ne zai yanke, ya haɗa da gam, ya yi musu fenti.

Na ga ya dagula fuskar ɗaya, fenti ya cike idanun, shi kuma nasa idon ya kawo ruwa. Ban san lokacin da na ja kujera ba. Na ce, “Kai, miƙo buroshin nan.” Hannun da ke neman jijiyar jariri da allura ai ba zai ji tsoron fuskar roba ba.

Ashe ni ce ɗaliba. Shi ya koya min cewa sai an fara fesa fentin shimfiɗa kafin launi ya kama. A tsinka fentin da ɗan ruwa, a shafa sau biyu maimakon a lafta sau ɗaya. Sannan a bi da wani tsinkakken fenti mai duhu wanda ke gangarawa cikin lungunan sulke ya fito da inuwa. A ƙarshe a goge buroshi a takarda har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama don gefuna su yi haske.

Bayan mako 3 ya ce, “Umma, rundunata ba ta da mai jinya.” Muka ɗauki soja ɗaya, muka yanke bindigarsa da reza. Akwai wani danƙo da suke kira Green Stuff, rabi shuɗi rabi ruwan ɗorawa, in an murza su tare ya koma kore, bayan wasu awoyi ya sandare. Da shi na ƙera jakar magani, na lulluɓa wa kan mayafi, ina fitar da ninkinsa da tsinken sakace. Shi kuma ya haɗa launin fata irin tamu.

Muna cikin haka, kowa idonsa na kan aikinsa, ya ce, “Umma, a makaranta suna kwaikwayon yadda nake Turanci. Ni kaɗai nake cin abinci.” Hannuna ya yi rawa, buroshi ya zame ya bar jan layi a kan mayafin. Ban ɗago ba, don na san in muka haɗa ido zai yi shiru. Na ce, “Ina jin ka.” Ya yi ta magana har fentin ya bushe. Washegari daga dutin dare makarantarsu na wuce, ko gida ban biya ba.

Da Hajiyata ta gan mu a waya, dariya ta yi: “Da girmanki kike wasan ’yar tsana?” Na ce mata wannan ’yar tsanar ta ji abin da ni uwarsa ban ji ba cikin wata 18.

Har yau ban kira sunansa ba, kuma ba na jin zan fara. Amma duk Asabar muna zama a teburin nan. Jan layin kuwa ya hana ni gyarawa, wai alamar ta je fagen fama ce.

Iyaye ’yan uwana, musamman na ƙasar waje, ku da wane hali kuke samun bakin ’ya’yanku na fari? Allah Ya raya mana su, Ya shirya mana su.