Ranar Da Kwamfutar Ofishinmu Ta Ƙi Tashi



Wasu daga cikinku sun tambaye mu dalilin da ya sa a zaman wata na yanzu ake ganin sakatare da ma'aji suna musayar filas a gaban kowa, kamar masu miƙa sadaki. Mun ga ya kamata mu ba da labarin daga tushe, domin mun san akwai ƙungiyoyin 'yan uwanmu da yawa a nan Legas, da Sabon Ibadan, da Fatakwal, waɗanda duk sirrinsu yana cikin tsohuwar kwamfuta guda ɗaya irin tamu.

Duk wanda ya taɓa shigowa ofishinmu a Agege ya san ta. Kwamfutar tebur ce 'yar tokumbo, mai Windows 7, fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe. A cikinta muke ajiye rijistar membobi, da lissafin kuɗin wata a Excel, da na asusun taimakon gaggawa, da bayanan zama, da wasiƙun da muke rubuta wa masu zuwa neman aiki ko masu komawa gida. An saita ta yadda za ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba, kuma ta san firintarmu. Shekara da shekaru muna kunna ta da safe mu kashe da yamma, ba mu taɓa tambayar kanmu me zai faru ran da ta ƙi tashi ba.

Alhali an taɓa yi mana gargaɗi. Kafin wannan, muna da wata mai Windows XP. Da ta samu matsala, aka kai ta wurin wani mai gyara, ya ce sai an yi fomatin. Wanda ya kai ta bai san ma'anar kalmar ba, ya ce a yi. Ta dawo tana gudu kamar sabuwa, amma babu komai a cikinta. Bayanan zama na shekaru suka tafi. Abin da ya cece mu a lokacin shi ne tsohon littafin ma'aji mai baƙin bango. Muka yi Inna lillahi, muka ɗora wa mai gyara laifi, muka ci gaba da yadda muke. Daga baya ma sai muka daina cika littafin, tunda a ganinmu kwamfuta ta ɗauke mana wannan nauyi.

A daminar da ta wuce, wani ɗan uwa ya ba ƙungiya kyautar firinta. Ɗaya daga cikin matasanmu ya zauna da yamma yana saka mata direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Yana tsakiyar aikin aka ɗauke wuta. Batirin UPS ɗinmu kuwa ya daɗe da mutuwa, kullum muna cewa za a canza. Washegari muka kunna, tambarin Windows ya fito, sai fuskar ta koma shuɗiya da rubutu fari, ta mutu ta sake tashi da kanta. Haka ta yi ta zagaye.

A wannan makon Allah Ya yi wa ɗaya daga cikin dattawanmu rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Kun san ƙa'idarmu: abin da ake ba iyalan mamaci daga asusun taimako ya danganta da yadda ya riƙa biyan kuɗin wata. Ranar sadakar uku ƙanensa ya ja mu gefe ya ce, "Malam Sakatare, Hajiya da yara za su koma gida bayan bakwai. Yaya ya sha faɗa mana bai taɓa tsallake wata ba. Don Allah a duba mana."

Muka ce insha Allahu. Amma a zuciya mun san shaidar tana cikin akwatin ƙarfen da ya ƙi buɗe baki. Kuma maganar ta wuce kuɗi. Idan muka biya ba tare da shaida ba, gobe wani zai ce an yi son kai. Idan muka ce lissafi ya ɓace, to wa zai hana a yi zargin cewa da gangan aka ɓatar? A bariki muke, babu dangin da ya haɗa yawancinmu, yarda ce kawai ta tara mu. Kwana biyu ba mu yi barcin kirki ba.

Mai gyara na farko da muka kira ya ko kalle ta minti biyu ya ce, "Oga, fomatin ne." Wannan karon mun san ma'anar kalmar. Muka sallame shi da kuɗin mota. Sai ma'ajinmu ya tuna da wani dattijon injiniya da ya daɗe yana aiki a Computer Village da ke Ikeja. Muka ɗauki kwamfutar a Keke da mota har can.

Abu na farko da ya yi ya ba mu mamaki. Bai fara gyara ba. Ya kwance had disk ɗin, ya jona shi a wata kwamfutar, ya kwafe duk fayilolinmu, sannan ya mayar. Ya ce, "Alhaji, ba a yi wa mara lafiya aiki sai an tanadi jini." Daga nan ya kunna yana danna F8 a kai a kai kafin tambarin Windows ya fito. Wani baƙin shafi ya bayyana da jerin zaɓi. Ya fara gwada Last Known Good Configuration, wanda ke tayar da na'ura da saitin da ta tashi lafiya da shi a karo na ƙarshe. Bai yi ba. Ya sake danna F8, ya zaɓi Repair Your Computer, ya shiga System Restore. Sai ga jerin ranaku. Ya tambaye mu yaushe aka jona firintar, ya zaɓi ranar da ta gabace ta. Ba a yi rabin awa ba kwamfutar ta tashi, da hoton masallacin da muka sa a fuskarta, da komai a inda muka bar shi.

Muka buɗe lissafin tun a shagon. Marigayi bai tsallake wata ko ɗaya ba, har da na watan da ya kwanta ciwo. Kafin bakwai aka damƙa wa iyalinsa haƙƙinsu cif.

Muna ta godiya, sai injiniyan ya ce mu zauna. Abin da ya faɗa mana shi ne dalilin wannan rubutu.

Ya ce abu biyu ne a cikin kwamfuta, kuma mutane suna haɗa su. Akwai saitin na'urar: wace manhaja ce ke tashi, wane direba ke aiki da wace na'ura, wane harshe maɓallan ke rubutawa. Windows na ajiye yawancin wannan a wani kundi da ake kira rajistiri. Sannan akwai kayanka kai: wasiƙu, lissafi, hotuna. System Restore na farkon kawai yake mayarwa baya. Lokaci zuwa lokaci yana ɗaukar hoton saitin ya ajiye, musamman kafin a saka sabuwar manhaja ko direba. Wannan shi muka sa wa suna zangon komawa. Takardunmu ba ceto su ya yi ba, bai taɓa su ba ne kawai. Kuma duk zangunan a cikin had disk ɗin nan guda suke zaune. Da had disk ɗin ne ya mutu, da saiti da zango da lissafi duk sun tafi tare. Ya ce, "Kun ajiye makullin ɗaki a cikin ɗakin, kuka kulle. Sa'a kuka ci taga a buɗe take."

Ya ba mu ɗan tarihi. A zamanin Windows 98, na'urar kan ajiye kwafi biyar na rajistiri, kuma idan ta rikice sai a shiga baƙin shafin DOS a rubuta scanreg /restore a zaɓi na ranar da ake so. System Restore ya fara zuwa ne da Windows Me a shekarar 2000, ya shahara da XP da ya fito a 2001. XP kan ɗauki zango duk bayan awa 24, shi kuwa Windows 7 yakan jira kwana 7 idan ba a samu wani dalilin ɗauka ba. Idan wurin da aka ware ya cika, tsofaffin zanguna ake sharewa. Wato tsohuwar kwamfutarmu da aka yi wa fomatin, mai yiwuwa maganinta yana cikinta, ba wanda ya duba. Da na sani ƙeya ce.

Ya kuma ja mana kunne a kan abu biyu. Duk manhajar da aka saka bayan ranar zangon za ta tafi, sai an sake saka ta. Kuma idan bairos ya riga ya shiga kafin a ɗauki zango, yana iya maƙalewa a ciki, ka dawo da shi da hannunka.

Da muka kawo maganar gaban zama, wasu matasa suka ce a sayi sabuwa kawai a huta. Suna da hujja. Kamfanin Microsoft ya daina kula da tsaron XP tun 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Amma shugaba ya ce kuɗin da ke asusu na marayu ne da marasa lafiya, kuma sabuwar ma idan aka riƙe ta da irin wannan sakaci, ranarta na zuwa. Limaminmu ya ƙara da tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ya ce wanda aka umarta ya rubuta, ai an umarce shi ya tsare abin da ya rubuta. Aka tsaya a kan za a ci gaba da tsohuwar har a tara kuɗin wata, amma an cire ta daga intanet. Saƙonni ta waya muke aikawa.

Ga abin da muke yi yanzu, ko wani zai amfana.

Kafin a saka ko wace manhaja ko a jona sabuwar na'ura, sai an ɗauki zango da hannu. A Windows 7, ka danna Computer da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties, sai System protection, sai Create, ka ba shi sunan da za ka gane, kamar "kafin firinta". A nan ne kuma za ka duba ko abin a kunne yake, don akan samu kwamfutocin da aka kashe shi. A XP kuwa, ta Start za ka bi, All Programs, Accessories, System Tools. Aikin minti biyu ne.

Mun sayi had disk na waje, muka ɗauki hoton kwamfutar gaba ɗaya ta Backup and Restore da ke cikin Control Panel. Wannan ya haɗa Windows da saiti da manhajoji a dunƙule, ta yadda ko had disk ya mutu, za a sa sabo a juye. A wuri guda muka yi faifan gyara da ake tayar da na'ura da shi idan F8 ya ƙi. Dukansu suna gidan shugaba, ba a ofis ba.

Fayilolin ƙungiya kuwa, duk zaman wata ana kwafe su a filas biyu. Ɗaya na hannun ma'aji, ɗaya na hannun sakatare. Ana buga lissafin watan a takarda, mai binciken kuɗi ya sa hannu. Littafin nan mai baƙin bango ma ya dawo bakin aiki.

Akwai kuma ɗan batiri mai kama da kwabo a cikin kwamfutar, CR2032 ake ce masa. Shi ke riƙe agogo da saitin farko na na'urar idan an kashe ta. Idan ka ga kwanan wata yana komawa shekarun baya duk safiya, to shi ne ya mutu. Mun canza shi, mun ɗauki hoton shafukan saitin da waya. Batirin UPS ma an canza, bayan an sha wahala.

Na ƙarshe shi ne ya fi ba mu kunya. A zama na biyu mai binciken kuɗi ya ce, "Malam Sakatare, a buɗe filas ɗin mu gani mana." Muka kai shi wata kwamfutar, sai ga shi abin da muka kwafa ba fayil ɗin lissafin ba ne, 'yar alamar da ke kan fuskar kwamfuta ce kawai, mai ƙaramar kibiya a gefe. Wata guda muna yawo da filas da babu komai a ciki, hankalinmu kwance. Tun daga ranar, ba ma cewa an ajiye sai an buɗe a wata na'urar, an karanta sunan mutum na farko da na ƙarshe a rijista, kowa ya ji.

Mun san wasu za su ce wannan wahala ta yi yawa a kan tsohuwar kwamfuta. Mu dai mun tsaya a gaban ƙanen mamaci muna cewa insha Allahu ba tare da mun san ko muna da abin nuna masa ba, kuma ba ma fatan wani sakatare ya tsaya a irin wannan wuri. Duk ƙungiyar da ke son a nuna mata yadda ake yi, ofishinmu a buɗe yake ranar Lahadi bayan la'asar. Ku zo da filas ɗinku.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.

Daga ofishin Sakatare.